Ƙarfin Damtse Ko Saurin Yanke Shawara: Gardamar Kwatabak a Ƙwallon Amurka

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in tsoma baki cikin wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin masu bin ƙwallon Amurka, wadda ake jifa da hannu a ruga da ita. Duk watan Afrilu, lokacin da ƙungiyoyi 32 na gasar NFL ke zaɓen sabbin 'yan wasa daga jami'o'i, sai a sake tayar da ita: me ya fi muhimmanci ga kwatabak, baiwar jiki ko dakiyar zuciya da iya yanke shawara? Ra'ayina shi ne jiki ƙofar shiga ce kawai. Wanda bai kai wani mizani ba, ba zai shiga ba ko da ya fi kowa basira. Amma cikin waɗanda suka riga suka shiga, abin da ke raba su shi ne abin da ke faruwa a ka cikin sakan biyu da rabi.

Ga wanda bai saba da wasan ba, kwatabak shi ne wanda ake miƙa wa ƙwallo a farkon kowane hari. Ƙungiyarsa na da dama huɗu ta ci yadi 10 gaba, in ta kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Ƙarti biyar ne a gabansa a matsayin katanga, wasu biyar kuma su ne doka ta yarda ya jefa wa.

Aikinsa yana farawa tun kafin ƙwallo ta taɓa hannunsa. Da zarar an busa ƙarshen hari, agogon sakan 40 ya fara gudu. Koci zai faɗa masa dabarar da za a yi ta wata 'yar na'ura da ke cikin hular kwanonsa, amma ana katse maganar idan saura sakan 15. Daga nan shi kaɗai ne. Zai dubi can bayan masu tsaro: mutum ɗaya ne ke tsaye a tsakiya ko biyu ne suka raba filin? Idan biyu ne, doguwar jifa ta gefe ta yi wuya, amma gaba ya yi sauƙi, don haka miƙa wa mai gudu ya fi riba. Idan ɗaya ne, akwai yiwuwar mai cafewa na gefe ya rage daga shi sai mai gadinsa. Zai sa ɗaya daga cikin mutanensa ya tsallaka daga wannan gefe zuwa wancan. In wani mai tsaro ya bi shi sau da ƙafa, tsaron mutum da mutum ake yi. In kowa ya ɗan gusa kawai, yanki-yanki suka raba. Sannan ya ƙirga masu shirin afko masa. Katanga biyar ba za ta tare mutum shida ba, dole ɗaya ya kuɓuce, kuma wannan ɗayan nauyin kwatabak ne: ko ya kira mai gudu ya tsaya tarewa, ko ya saki ƙwallo nan take zuwa gurbin da maharin ya bari. Su ma masu tsaron ba wawaye ba ne. Sukan nuna masa biyu a baya, ana sakin ƙwallo ɗaya ya gangaro, hoton da ya ɗauka a kansa ya zama ƙarya.

Sai ya karɓi ƙwallo ya ja da baya taku uku, ko biyar, ko bakwai, gwargwadon nisan jifar. Kowane taku an ɗaura shi da gudun mai cafewa. A taku na ƙarshe ya kamata zaɓi na farko ya buɗe. In bai buɗe ba, ɗan tsalle ɗaya gaba, ido ya koma kan na biyu, wani tsallen kuma na uku. In ya wuce sakan uku yana riƙe da ita, galibi katanga ta tsage.

To a ina damtse ya shigo? Masu cewa ƙarfin jifa ba komai ba ne sun yi kuskure, kuma ga lissafin. Faɗin filin ya ɗan haura yadi 53. Ɗauki jifar da mai cafewa zai ruga yadi 15 gaba, ya karya kwana zuwa layin gefe mai nisa. A takarda yadi 15 ce, amma da yake kwatabak ya ja baya kuma jifar a karkace take, ƙwallon za ta yi tafiyar kusan yadi 37. Wanda ke jifa da gudun mil 60 a awa zai isar da ita cikin sakan ɗaya da kwata. Mai mil 50 sai sakan ɗaya da rabi. Bambancin kwatan sakan ne, kuma a kwatan sakan mai tsaro mai sauri yana cin yadi biyu. Yadi biyun nan su ne tsakanin a cafe a samu ci gaba da a ƙwace a ruga da ita har gida, wato ƙarshen fili inda ake cin maki. Idan masu tsaro suka gane cewa hannunka ba ya kai wannan jifa, sai su daina gadin gefe su cunkushe tsakiya, filin ya ƙanƙance maka.

Amma a ci gaba da lissafin. Mai ƙarfin hannu da ya jira sai ya ga mutuminsa ya juyo kafin ya saki, ya makara da rabin sakan. Ya ba mai tsaro yadi huɗu, alhali damtsensa biyu kawai ya saya masa. Mai matsakaicin hannu da ya saki tun mutuminsa bai karya kwana ba, ya jefa wurin da babu kowa yana da yaƙinin za a iso, shi ne ya ci riba. Wannan ita ce hujjata gaba ɗaya: abin da hannu ke samarwa bai kai abin da jinkirin kai ke ɓatarwa ba.

Tarihin zaɓen ma ya nuna haka. A 1998 an yi ta kai ruwa rana kan wa za a ɗauka farko, Peyton Manning ko Ryan Leaf, kuma da yawa na ganin Leaf ya fi hannu. Indianapolis ta ɗauki Manning, San Diego ta ɗauki Leaf a na biyu. Abin lura shi ne duka biyun sun sha kashi a shekararsu ta farko. An ƙwace wa Manning jifa 28, ƙungiyarsa ta ci wasa 3 ta faɗi 13. A shekara ta biyu lissafin ya juye, 13 da 3. Leaf kuwa ya bar gasar da jifar ci (wadda aka kai gida aka ci maki) 14 da ƙwace 36. Duka ɗaya suka sha, yadda kowa ya tashi ne ya bambanta. A 2007 Oakland ta ɗauki JaMarcus Russell a lamba ta ɗaya, dogo mai ƙafa 6 da inci 6, mai hannun da ake ba da labari. Takaddamar kwantiragi ta sa bai halarci atisayen share fage ba, ya fara wasa 25 ya ci 7, aka sallame shi a 2010. Tom Brady kuwa sai a lamba ta 199 aka ɗauke shi a 2000, bayan ya yi gudun yadi 40 cikin sakan 5.28, wanda ko a wancan zamani abin dariya ne. Ya ajiye wasa da kofin Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar, har bakwai. (Kada dai a mai da shi gajiyayye don labari ya yi daɗi. Tsawonsa ƙafa 6 da inci 4, kuma hannunsa yana kai kowace jifa. Ƙafa ce ba shi da ita.)

Kalmar dakiya ma an ɓata ta. Mutane na ɗauka ita ce ihu a kan abokan wasa da buga ƙirji. A fili kuwa abu ne da ido ke gani. Kwatabak da ya sha kayarwa, idonsa yakan sauko daga kan masu cafewa ya koma kan masu afko masa. Ƙafafunsa su fara rawa, ya riƙa jifa yana jingine da baya ba tare da ya taka gaba ba, ƙwallo ta tashi sama fiye da kima, kuma ƙwallon da ta wuce kan mai cafewa a tsakiyar fili hannun mai tsaron baya take faɗawa. Yakan gudu daga kewayen da katanga ta yi masa alhali babu wanda ya taɓa shi. David Carr, wanda Houston ta ɗauka a lamba ta ɗaya a 2002, an kayar da shi sau 76 a shekararsa ta farko, adadin da har yau ba a kai ba. Ba hannunsa ne ya lalace ba. Don haka ba na yarda da masu cewa dakiya halitta ce kawai. Ƙungiya na iya gina ta, tana kuma iya rusa ta da katanga maras kyau.

Wasan Super Bowl na Fabrairun 2017 ya tara komai wuri guda. A zango na biyu an ƙwace jifar Brady, kwatabak ɗin New England, aka ruga da ita yadi 82 har gida. A tsakiyar zango na uku Atlanta na gaban New England da 28 da 3. Mai raunin zuciya a nan zai fara lafta dogayen jifa yana neman biyan bashi lokaci ɗaya. Brady bai yi haka ba. Ya riƙa tsinka gajeru, har mai gudunsa James White ya cafe 14 shi kaɗai. Ɗaya gefen kuma ya fi koyarwa. Saura ƙasa da minti biyar, Atlanta na gaba da 28 da 20, ƙwallo na hannunta a kan yadi 22 na abokan karawa. Daga nan bugun maki uku mai sauƙi ne, wanda zai mai da tazarar 11, wasa ya kusa ƙarewa. Aka kira jifa, Matt Ryan, kwatabak ɗin Atlanta kuma gwarzon gasar a wannan kaka, ya riƙe ƙwallo har aka kayar da shi baya da yadi 12. Laifin riƙo ya biyo, suka fita daga inda ƙafa za ta kai. Koci na da nasa kason laifi, amma a irin wannan wuri ƙa'idar kwatabak ɗaya ce: komai zai faru kada a kayar da kai, ka yar da ita kusa da ƙafar mutuminka. New England ta ci 34 da 28 a ƙarin lokaci.

Shi ya sa ba na auna kwatabak da yawan yadin da ya jefa. A 2019 Jameis Winston ya fi kowa a gasar da yadi 5,109 da jifar ci 33, amma an ƙwace masa 30. Tampa Bay ta ƙare da 7 da 9. Ta kawo Brady yana ɗan shekara 43, da kusan masu cafewa iri ɗaya, ta ɗauki kofi a kakar da ta biyo.

Wani zai ce to a ɗauki masu ilimi mana. Ba a nan gizo ke saƙar ba. A baya an yi shekaru da dama ana ba su jarrabawar Wonderlic, tambaya 50 cikin minti 12. An ruwaito Ryan Fitzpatrick, ɗalibin Harvard, ya ci 48, amma ya yi kaka 17 bai taɓa buga wasan zagayen kifa ɗaya ƙwala ba. Dan Marino, wanda aka ruwaito bai kai 20 ba, yana cikin waɗanda suka fi kowa saurin gane fili da sakin ƙwallo. Amsa tambaya a zaune daban, gane abin da mutum 11 ke ƙullawa yayin da ƙato mai kilo 130 ke tahowa daban. Wannan na biyun babu agogon da ke auna shi, gudu da tsawo da faɗin tafin hannu kuwa ana auna su da rana tsaka a taron gwajin 'yan wasa da ake yi a birnin Indianapolis kafin zaɓe. Manajan da ya ɗauki dogo mai damtse ya faɗi yana da abin kare kansa. Wanda ya ɗauki gajere don ya ga natsuwa a idonsa, in ya faɗi, aikinsa ya tafi. Haka Brock Purdy ya zama na ƙarshe, lamba ta 262, a zaɓen 2022, kuma cikin kakarsa ta biyu ya kai San Francisco wasan ƙarshe.

Dole in ba ɗaya ɓangaren haƙƙinsa, don Josh Allen hujja ce babba a hannunsu. A 2018 kashi 52.8 cikin ɗari na jifarsa ne kawai ke isa hannu. A 2020 ya kai 69.2, bayan gyaran tsayuwar ƙafa da juyin ƙugu. Buffalo ta yi haƙuri da shi ne saboda jikinsa na ciyar da ƙungiya gaba yayin da kansa ke koyo. Lamar Jackson ya ci yadi 1,206 da ƙafarsa a 2019, kuma kwatabak mai gudu yana tilasta wa masu tsaro su ware mutum ɗaya don gadinsa, wanda ke sauƙaƙa karatun fili. Jiki na sayen lokaci, yana kuma goge kuskure. Sai dai waɗannan biyun ba su zama gwarazan gasa ba sai da suka iya cin wasa daga tsaye. Patrick Mahomes ma, duk da baiwarsa, kusan kaka guda ya yi a benci bayan Alex Smith yana koyo, kafin ya fito ya jefa ci 50 a 2018. Da ƙungiyoyi suka koma ajiye masa mutum biyu a baya don toshe dogayen jifa, sai ya koyi haƙurin karɓar yadi biyar-biyar.

Mai son gwada maganata a wasa na gaba, ya ɗauke ido daga kan ƙwallo. Ya jira dama ta uku da saura yadi takwas ko fiye, musamman harin da ya biyo bayan an ƙwace wa kwatabak jifa ko an maka shi da ƙasa. Ya dubi hular kwanon: tana juyawa daga wannan mai cafewa zuwa wancan, ko ta kafe a kan mutum ɗaya tun daga farko? Ya dubi ƙafar baya: ta kafu a taku na ƙarshe, ko tana ta ja? In aka maimaita hoton daga bayan fili, ya lura ko ƙwallo ta bar hannu kafin mai cafewa ya juyo.

Na gode da ba ni wannan fili.

Naka,
Wani mai bibiyar gasar NFL