A Haɗa Elmina da Tudun St. Jago a Ziyara Ɗaya

Ranka ya daɗe Edita,

Rahotonku kan ziyarar sansanin Elmina da ke gaɓar tekun Ghana ya tsaya ga kurkukun bayi, bai taɓo tarihin yaƙinsa ba.

Turawan Fotugal suka gina shi a 1482, hankalinsu na kan jiragen ruwa. Ta bayan gida aka ci su: a 1637 sojojin Holan suka hau tudun St. Jago, wanda ke daura da sansanin, da igwa, suka yi ta luguden wuta daga sama har aka miƙa wuya. Shi ya sa suka kafa wani sansanin a kan tudun.

Ina roƙon hukumar kayan tarihi ta Ghana ta haɗa wuraren biyu a tikiti ɗaya, a fara hawa tudun da safe kafin rana ta take.

Naku,
Mai karatu daga Kumasi