Wasiƙa a kan kyamarar babur: a hular kwano ko a jikin babur?

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Saƙonka ya iso, na kuma ga tambayarka a kan kyamarar da kake son saya, ko a hular kwano za ka ɗaura ta ko a jikin babur. Kafin in amsa, sai ka fara yanke wa kanka hukunci a kan aikin da kake so ta yi maka, domin aiki biyu ne mutane ke cakuɗawa. Akwai mai neman shaida: idan wani ya yanko masa hanya ko ya daki babur ɗinsa ta baya, a ga yadda abin ya faru, a karanta lambar motar. Akwai kuma mai son bidiyon tafiya mai kyau da zai nuna wa jama'a. Kyamarar da ta fi a aiki na farko ba ita ce ta fi a na biyu ba, kuma yawancin masu da-na-sani a nan suka yi tuntuɓe.

Idan shaida kake nema, a jikin babur za ka sa, kuma irin wadda ake haɗa wa waya kai tsaye da wutar babur, kamar na kamfanin INNOVV ko Thinkware M1. Idanu biyu ne ƙanana, ɗaya a gaba ƙarƙashin fitila, ɗaya a baya kusa da lamba, sai ƙaramin akwati da ke ɗauke da katin memori, wanda a yawancinsu ake ɓoyewa ƙarƙashin kujera. Ka murɗa makulli ta fara ɗauka, ka kashe ta tsaya. Wannan shi ne babban amfaninta. Kyamarar da sai ka danna mata maɓalli kullum, wata rana za ka manta, ko batirinta ya mutu a tsakiyar hanya, hatsari kuwa ba ya jiran a kunna. Tana ɗauka ne a guntu-guntu, minti 1 ko 3 ko 5, idan katin ya cika sai ta riƙa share mafi tsufa tana rubuta sabo a kai.

Wayoyinta yawanci uku ne. Ja na zuwa batir ta cikin fis, baƙa na zuwa jikin ƙarfe ko ƙafar batir ta biyu, ta ukun kuma, wadda galibi rawaya ce, ana haɗa ta da wayar da ba ta samun wuta sai an kunna makulli, misali ta fitilar baya. Idan mai haɗin ya yi ganganci ya jona ja da rawaya duka a batir, kyamarar ba za ta taɓa mutuwa ba, batirin babur kuma ƙarami ne, ka ajiye shi kwana biyu ko uku ka tarar ya ƙi tashi. Ka tabbata wayoyin ba su bi ta kan inji ko salansa ba, sannan ka juya kan babur har ƙarshe dama da hagu ka ga babu wayar da ke ɗamewa. Wani abu kuma: waɗannan kyamarori na da na'urar jin bugu, wadda ke kulle guntun bidiyon da aka yi karo a cikinsa don kada a share shi. A babur kowane rami bugu ne a wajenta. Idan ka bar ta a mataki mafi saurin ji, katin zai cika da bidiyon da aka kulle na gargada kawai, wurin sabon ɗauka ya ƙare. Ka sauke ta zuwa mataki na ƙasa.

Raunin kyamarar jikin babur shi ne inda babur ya fuskanta nan take kallo. Motar da ta fito daga gefe a mararraba, ba za ta gan ta ba sai ta riga ta shigo. A nan ne ta hular kwano ta fi ta, domin duk inda ka waiwaya ta waiwaya tare da kai. Bugu da ƙari, wuyanka da jikinka na shanye jijjigar inji kafin ta kai ga kyamarar, don haka hoton kan fito a natse.

A hular kwano wurare uku ne: tsakiyar kai, gefe, da haɓa. Ni haɓa nake ba ka shawara idan hularka mai rufe fuska ce gaba ɗaya. Ita ta fi kusa da inda idonka yake, hoton zai haɗa da hannuwanka da agogon gudu da madubai, mai kallo ya ji kamar shi ke tuƙin. Ta tsakiyar kai tana tare iska sosai, kuma ƙarfin iska ba daidai da gudu yake hawa ba: idan ka ninka gudu daga kilomita 60 zuwa 120 a awa, ƙarfin da iska ke tura kyamarar ya ninka sau huɗu. Ƙananan kyamarorin GoPro da DJI Osmo Action na yanzu nauyinsu wajen giram 150 ne, Insta360 X4 kuwa ta kai wajen giram 200. A tafin hannu wannan ba komai ba ne, amma a ƙolin kai, bayan awa biyu a babbar hanya, ƙeyarka za ta gaya maka. Ta gefe tana jan kai ɓangare ɗaya, kuma gefen hular kan cinye wani sashe na hoton. Idan hularka mai ɗaga haɓa sama ce, ka gwada ɗagawar kafin ka manna komai, kada kyamarar ta hana ta buɗewa ko ta toshe kafar shan iska.

Batun manna ta, a nan zan ɗan daɗe, domin nan ne rai ya shigo. Kada ka huda hular kwano ko da rami ɗaya ne. Ƙoƙon waje aikinsa ya baza ƙarfin bugu, farin soson da ke ciki kuma ya murƙushe ya shanye shi. Rami na raunana ƙoƙon, sukurun da ka ɗaura kuma zai iya nitsewa ciki ranar faɗuwa. An yi bayan hular sumul ne don ta zame a kan kwalta. Duk abin da ya tsiro a jikinta zai iya maƙalewa ya murɗa kai, irin wannan murɗawar kuwa tana cikin abin da ke yi wa ƙwaƙwalwa illa, shi ya sa ma'aunin ingancin hular kwano na Turai, ECE 22.06, ya ƙara gwajin bugun karkace a cikin sharuɗɗansa. Saboda haka mazaunin roba mai gam ya fi na ƙarfe mai noti, domin idan an faɗi zai ɓalle ya tafi abinsa. Ka kuma zaɓi gajere, kada ka jera hannuwa uku ko huɗu har kyamarar ta yi nisa da hular.

Gam ɗin da ake amfani da shi shi ne 3M VHB mai fuska biyu. Ka wanke wurin da ruwa da ɗan sabulu, ya bushe, ka goge da sifirit na isopropyl kaɗan. Fetur da tina kada su kusanci hular, suna cin robar polycarbonate da ake yin huluna da yawa da ita, ta yi rauni ba tare da ido ya gani ba. Ka duba ƙasan mazaunin, akwai shimfiɗaɗɗe akwai lanƙwasasshe, ka ɗauki wanda ya kwanta ɗaram ba tare da gefensa ya ɗaga ba. Ka danna da ƙarfi na daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya, sannan ka bar shi awa 24 kafin ka ɗora kyamara. Cikakken kamunsa sai ya kai awa 72. Idan ana tsananin sanyi ba ya kamawa da kyau, sai ka yi aikin a cikin ɗaki mai ɗumi. Da yawa daga kyamarorin da suka faɗi a titi, an manna ne da safe aka hau da rana. Ka ƙara siririyar igiyar tsaro da aka manna a wani wuri dabam, wadda za ta riƙe kyamarar idan gam ya saki, amma ta tsinke idan an ja ta da ƙarfi.

Saiti kuwa, ka hau babur ka zauna yadda kake zama in kana tuƙi, ka buɗe manhajar kyamarar a waya ka daidaita. Wanda ya saita a tsaye, zai dawo gida ya tarar tankin mai kawai ya ɗauko, saboda mai tuƙi kan ɗan sunkuyar da kai.

Idan kuma ka fi son ɗaura irin su GoPro a jikin babur, abokin gabarka jijjiga ce. Injin silinda ɗaya ya fi na silinda huɗu karkarwa, kuma kan babur da sandar madubi su suka fi ɗaukar ta. Kyamarar tana karanta hoto ne layi-layi daga sama zuwa ƙasa, idan ta motsa kafin ta gama sai ka ga titi da falwayoyi suna lanƙwashewa suna rawa. Manhajar daidaita hoto, HyperSmooth a GoPro, RockSteady a DJI, FlowState a Insta360, tana gyara girgizar hanya da kyau, amma wannan karkarwa mai sauri ba ta iya kawar da ita duka. Maganinta gajeren hannu mai ƙarfi, a kan firam ko ƙarfen kare inji, ba a kan robar jiki mai lilo ba, da roba mai shanye jijjiga a tsakani. Ka sa notin da ke da roba a ciki ko ɗigon shuɗin Loctite, wato gam ɗin kulle noti, in ba haka ba jijjiga za ta kwance shi a hankali. Kada ka ce wayarka za ta yi maka wannan aikin. A 2021 kamfanin Apple da kansa ya yi gargaɗi cewa jijjigar manyan injinan babur na iya lalata sassan da ke daidaita kyamarar iPhone.

Kyamara mai ɗaukar ko'ina, irin Insta360 X3 da X4, tana warware matsalar saiti, tunda gaba da baya da gefe duk tana kwashewa, daga baya ka zaɓi inda kake so. Sai dai hoton da aka raba wa zagaye gaba ɗaya, idan ka yanko ɓangare guda tsabtarsa na raguwa, lambar mota daga nesa ba ta karantuwa. Gilasanta biyu kuma a kumbure suke, tsakuwa ɗaya ta isa ta ƙarje su. Sannan sai kana da haƙurin zama kana yanke bidiyo.

Kada lambobin jikin kwali su ruɗe ka. Faɗin kallo na digiri 150 ko fiye yana kwaso gefen hanya, amma yana ƙanƙantar da komai na tsakiya. Tsabtar hoto ta 4K na taimakawa wajen karanta lamba da rana. Da dare kuwa girman na'urar ɗaukar haske ne ke magana, kuma manhajar daidaita hoto kan dagula hoton in haske ya yi ƙaranci. Don tafiyar yau da kullum, 1080p ko 2.7K a hoto 60 cikin daƙiƙa ya wadatar, ya kuma rage zafi da cin batir. Ga lissafin wuri: 4K mai rubuta megabit 100 a daƙiƙa na cin gigabait 45 a awa, kati mai 128 ba zai kai awa uku ba. Kyamarar shaida mai megabit 16 kuwa gigabait 7 da ɗoriya take ci a awa ga kowane ido. Katin ya zama mai alamar V30 ko U3, wato ba ya sauka ƙasa da megabait 30 a daƙiƙa wajen rubutu. Ga mai share tsoho ta rubuta sabo, ka nemi wanda aka yi don juriya, kamar SanDisk High Endurance ko Samsung PRO Endurance, kuma daga hannun da ka yarda da shi, domin jabun kati ya yi yawa: zai nuna maka 128, ya cika a ƙasa da haka, bidiyon ya ƙi buɗewa ranar da kake bukatarsa. Ka riƙa goge katin daga cikin kyamarar kanta, kamar sau ɗaya a wata.

Batirin irin su GoPro tsakanin awa ɗaya da biyu yake yi, gwargwadon saiti. Za ka iya jawo mata wuta daga soket ɗin USB da ke mayar da bolt 12 zuwa 5, mai ba da amfiya 2 ko fiye, amma da ka buɗe ƙofar batir don wayar ta shiga, kariyar ruwa ta tafi, sai ka sayi ƙofa mai kafar waya ka kuma cire wayar in ruwan sama ya sauko. A cunkoso ko a tsaye cikin rana tana iya zafi ta kashe kanta, tunda iskar gudu ce ke sanyaya ta. Ta jikin babur kuwa ka duba alamar jure ruwa ta IP67 a kan idanun da akwatin, domin wasu idanun kaɗai ke jure ruwa.

Sauti sai ka yi masa dabara, in ba haka ba ƙugin iska kawai za ka ji. Ƙaramin makirfo mai rigar soso a cikin hular, a gefen baki bayan matashin kunci, ya fi duk wanda ke jikin kyamarar. Ka kuma saita kwanan wata da lokaci daidai, bidiyon shaida mai ranar da ba ita ba ƙarfinsa ya ragu. GPS na nuna wuri da gudu, amma ka sani har da naka gudun yake nunawa. GoPro Hero 12 ba ta da shi, an dawo da shi a Hero 13. Dokoki kan manna abu a hular kwano da ɗaukar mutane a hanya sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka ka duba ta inda kake, ka kuma rufe fuskoki da lambobi kafin ka sa komai a intanet.

Tunda ka ce kullum kana kan hanya, da ni ne kai, da mai ido biyu ta jikin babur zan fara, ta haɓa ta biyo baya idan hali ya yi. Ka aiko mini da sunan babur ɗin da hoton hular ta gaba da ta gefe, in duba irin mazaunin da zai kwanta a haɓarta da wayar da ya kamata a jona.

Ka gaida mutanen gida da yara. Allah ya tsare hanya.

Naka,
Amininka