Kayan kiɗa na ƙonewa a hannun samarinmu na Sudan

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini don mu yi magana da samarinmu masu ba da hayar kayan sauti a bukukuwan Kassala, Gadarif, Fot Sudan da Mai Wurno. Mu tsofaffin makaɗa ne, kuma yadda ake ƙona lasifika a wuraren hafla, wato shagalin biki, yanzu yana damunmu ƙwarai, ga shi tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 kayan gyara sun yi wuya sun yi tsada.

Kiɗan zamani ba baƙonmu ba ne. A'isha Fallatiya, haifaffiyar Kassala, ita ce mace ta farko da ta yi waƙa a Rediyon Omdurman a farkon shekarun 1940. Daga baya zamanin Sharhabil Ahmed ya zo da jitar lantarki, ƙungiyoyin kiɗa suka cika kulab-kulab da otal-otal da mashaya, har zuwa Satumban 1983 da Numeiri ya haramta giya, aka rufe mashaya da kulab-kulab, kiɗa ya koma rumfunan biki. A wancan lokaci kayan ƙungiya kaɗan ne: amfilifaya mai kwalba (irin ta dā mai ƙwayayen gilas a ciki) ta jita, wata ta jitar bes, makirufo biyu ko uku, akwatin eko mai tef, da lasifika biyu. Kowane makaɗi ya san cikin kayansa, domin in sun lalace babu wasu. Mai kwalba ba a kunna ta sai an haɗa mata lasifika, in ba haka ba taransifomarta ta ƙone, kuma sai ta yi kamar minti ɗaya tana ɗumi kafin a taɓa tsirkiya. Kan tef na eko kuwa, da auduga da sifirit ake goge shi kafin a fita wasa.

Babbar ɓarnar yau daga jera lasifika take. A bayan kowace an rubuta om, wato ma'aunin yadda take tare wuta, galibi 8. Idan aka haɗa biyu a layi ɗaya, ja da ja, baƙi da baƙi, lissafi ya sauko 4. Idan aka haɗa huɗu ya zama 2. Yawancin amfilifayoyin da ke kasuwa ba sa jure ƙasa da 4 a kowane gefe. Sai ka ga yaro ya ɗora mata huɗu don mai biki ya ce yana son unguwa ta ji, ta yi zafi, ta ɗauke a tsakiyar waƙa, ko ta mutu gaba ɗaya. Kamar jaki ne aka ɗora wa kayan raƙumi. A duba bayan amfilifayar a karanta abin da aka rubuta kafin a sa waya.

Akwai kuma jar fitilar nan ta jikin amfilifaya da ke ƙiftawa in an ƙure murya. Wasu na ɗaukarta ado, alhali gargaɗi ce cewa amfilifaya ta kai iyakarta, sauti ya fara fita a dagule, kuma wannan dagulallen sautin ne ke soya siririn zaren ƙaramar lasifika mai fitar da siririyar murya. Ƙaramar amfilifaya da aka matsa wa tana kashe lasifika kamar yadda babba ke yi. Da ta fara ƙiftawa a rage.

Janareta ma sai an yi hattara. A tayar da shi, a bar shi minti uku zuwa biyar ya daidaita a kan bolt 230 kafin a jona komai. Kada a haɗa kayan sauti layi ɗaya da firiza ko famfon ruwa, domin duk sanda injinsu ya tashi sai wuta ta faɗi ta sake hawa. A sa sitabilaiza a tsakani. Wajen kunnawa, ogan da mikisa su fara, amfilifaya ta zo ƙarshe. Wajen kashewa ita ce ta farko. Wannan "ɗum" da ake ji in an saɓa tsarin, bugu ne kai tsaye a kan takardar lasifika. Kuma a kashe komai kafin mai ya ƙare, don janareta mai shaƙewa wutarsa hawa da sauka take yi.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne waya ta uku ta fulogi, wadda ke kai wuta ƙasa, da ake yankewa wai don a rabu da gurnani. Mai jita yana riƙe da tsirkiyar ƙarfe, leɓensa ya taɓa makirufo, wuta ta bi ta jikinsa. Wannan yana kisa. A kafa sandar tagulla a ƙasa, a jiƙa wurin, a ɗaure jikin janareta da ita. Gurnani kuwa a nemi asalinsa: wayar jita da ta wuce mita 6, ko wadda aka shimfiɗa tare da ta wuta, ko dalma da ta saki a kan fulogi.

Kukan makirufo maganinsa sauƙi ne. Lasifika su tsaya gaban mawaƙi suna kallon jama'a, kada ya dunƙule kan makirufo da tafinsa, a kuma rage eko.

Ƙurar guguwar habub ita ke toshe fanka ta sa maɓallan mikisa ƙara. A hure kayan bayan kowane biki, a lulluɓe su, a bar wa amfilifaya taƙi ɗaya a baya ta sha iska, kada a ajiye ta a rana ko a kan yashi. Jakar gyara kada ta rasa fis irin lambar da ke ciki, da ƙarfen dalma, da mitar gwajin wuta, da wayar makirufo biyu. Fis in ya ƙone ba a ɗaure shi da zaren waya ko takardar sigari, a fara gano abin da ya ƙona shi.

Wassalam.

Wasu tsofaffin makaɗa,
Kassala, Sudan