Sanarwa kan zaɓen hanyar tafiya da kwale-kwale

Jama'a, kafin a tsayar da hanya a duba taswira da kyau. Kwale-kwale mai kaya yakan ci kilomita 3 zuwa 4 a awa, don haka kilomita 12 a yini ya isa, in ana son jefa ƙugiya da asuba da yamma, lokacin da kifi ke ci.

Abin da ke karya mutane shi ne ɗaukar kaya a ƙafa tsakanin tafki da tafki. Taswira za ta nuna mita 500, amma in sawu biyu za a yi, mita 1,500 ke nan (a kai kaya, a dawo, a sake kaiwa), ga jirgi a kafaɗa, ga laka. Kada irin wannan ya wuce uku a yini.

Babban tafki kuwa a ratsa shi da sassafe, ana bin gaɓa, don iska kan taso da rana. A ware kwana ɗaya ko da iska za ta hana tafiya.