Zuwa ga Dakta mai tambayar nawa Gaddafi ya biya ni

Assalamu alaikum Dakta, ranka ya daɗe.

Na ji tambayarka, kuma ba sau ɗaya ba, don bayan ka yi ta a gaban jama'a wajen taron nan na ranar Asabar sai da ka je ka sake maimaita ta a rediyo, yara kuma suka yanko muryar suka dinga turo min a WhatsApp har tsakar dare. Ga waɗanda ba su ji ba, cewa ka yi wai me ya sa nake tara samari ina nuna musu fim ɗin Lion of the Desert, wato labarin Umar Mukhtar, shehin da ya jagoranci yaƙi da mulkin mallakar Italiya a Libiya, alhali kowa ya san da kuɗin Gaddafi aka yi shi, farfaganda ce zalla, kuma wanda ya fito a matsayin shehin ma ba musulmi ba ne. Sannan ka rufe da cewa ni dai a gidan kallo na koyi tarihi, ko akwai ɗan abin da ake sammin daga Turabulus, babban birnin Libiya, ne.

Maganar sammin abu dariya ta ba ni, mutumin da aka kashe tun 2011, sai dai in daga kabari yake turo min alat. Ta Anthony Quinn, wanda ya fito a matsayin shehin, ma ba zan daɗe a kanta ba, aikinsa ke nan, wanda ya fito a boka a finafinanmu ba ka taɓa zuwa gidansa neman laƙani ba, kuma daraktan fim ɗin Mustapha Akkad musulmi ne ɗan Halab ta Siriya. Amma cewa ina cusa wa 'ya'yan mutane ƙarya, a gaban iyayen wasunsu, wallahi wannan ta taɓa ni, shekara nawa ina wannan abu ban taɓa karɓar ko sisin kowa ba, man janareta ma daga aljihuna yake fita.

To Dakta, mu bar gidan kallon mu shiga ajinka. Eh, gwamnatin Libiya ce ta zuba kuɗin, wajen dala miliyan 35, fim ɗin ya fito a 1981 kuma ya faɗi warwas a kasuwa, ban taɓa ɓoye wa yaran wannan ba. Abin da nake so ka nuna min shi ne ƙaryar. Italiya ba ta shiga Libiya a 1911 ba? A 1930 ba a kwashe mutum wajen 100,000 daga yankin Jabal Akhdar na gabashin Libiya da kewaye, tsofaffi da mata da yara da dabbobinsu, aka kora su a ƙafa zuwa sansanonin gwale-gwale irin su Suluk da Agaila ba, inda yunwa da cuta suka cinye dubun-dubata? Gaddafi ne ya shimfiɗa waya mai ƙaya ta kilomita 270 a kan iyakar Masar daga bakin teku har Jagbub don kada ko buhun sha'ir ya iso wa mayaƙan, ko Janar Graziani na Italiya ne? Shi Grazianin ai bai ma ɓoye ba, da hannunsa ya rubuta littafi yana alfahari da aikin. An kama Umar Mukhtar a watan Satumba na 1931, ya haura shekara 70, aka yi masa shari'ar jeka-na-yi-ka, ranar 16 ga watan aka rataye shi a Suluk aka taro mutum kusan 20,000 aka tilasta musu kallo. Lokacin nan ko haifar Gaddafi ba a yi ba. Kuma hotunan sansanonin da aka saka a cikin fim ɗin, waɗannan baƙi da fari da jerin tantuna iya ganinka, na ainihi ne, Turawan da kansu suka ɗauka.

Da ka san fim ɗin yadda kake nunawa, ai da ka buge ni a inda yake da ciwo, to bari in ara maka sandar tunda ba ka zo da ita ba. Inda hannun Gaddafi ya fito fili shi ne yadda aka danne sunan ɗariƙar Sanusiyya. Umar Mukhtar shehin zawiyar Sanusiyya ne, malamin allo ne, a ƙarƙashinta ya je har Chadi ya yaƙi Faransawa kafin Italiya ta zo, kuma da sunan Idris Sanusi yake yaƙin, to amma Idris ɗin nan shi ne sarkin da Gaddafi ya kifar a 1969, shi ya sa za ka kalli fim na kusan awa uku ka tashi kamar tsohon shi kaɗai ya tsiro daga ƙasa ba ɗariƙa ba shugaba. Wannan duk ranar da na nuna fim ɗin sai na tsayar na yi wa yaran bayaninsa, ka tambayi ɗalibanka biyu da suke zuwa, su ne ma suke zama a gaba. Kai kuwa ka bar jaki kana dukan taiki.

Sai kuma wata tambaya da nake so ka amsa min a rediyon nan da kake da fada a cikinsa. In fim ɗin tatsuniya ce, me ya sa hukumomin Italiya suka hana nuna shi a 1982, wai yana zubar da mutuncin sojojinsu, kuma ba a haska shi a talabijin a ƙasar ba sai 2009, lokacin da Gaddafi ya sauka a Roma da hoton kamun Umar Mukhtar maƙale a ƙirjinsa? Mai kaza a aljihu ai ba ya jimirin as. Kuma fim ɗin bai yi wa Italiyawa kuɗin goro ba, akwai kanar ɗin da yake girmama tsohon, akwai matashin hafsan da aka ba aikin kare shi a kotu ya kare shi tsakani da Allah, akwai kuma ɗan ƙasa balarabe da ya zama karen farautar Turawan. Duk da haka suka kasa jure ganinsa. A 2008 kuma firaministansu Berlusconi ya je Bengazi ya nemi afuwa kan mulkin mallakar, aka sa hannu kan dala biliyan 5. Shi ma a gidan kallo ya koyi tarihin?

Na san dai irin finafinan da suke kwanta maka, don na gan ka a layin gaba a makon finafinan Turai da aka yi, kana tafi har da miƙewa, ban kuma ji ka tambayi wa ya biya kuɗin shayin ba, kila saboda lokacin ana maganar wata tafiya ƙaro ilimi. Irin su Mediterraneo da ya ci Oscar a 1992, sojojin Italiya a wani tsibirin Girka suna buga ƙwallo suna soyayya, kai ka ce yawon buɗe ido suka je. Fim ne mai daɗi, ni ma na kalla na yi dariya. Amma a Girkar nan ce a Fabrairun 1943 sojojin Italiya suka karkashe fararen hula fiye da 100 a ƙauyen Domenikon, kuma a 1953 da wasu 'yan jarida biyu na Italiya suka buga shawarar labarin fim kan abin da sojojinsu suka aikata a Girka, kama su aka yi aka gurfanar a kotun soja. Labari ne a takarda fa, ko kyamara ba a ɗauko ba. Wannan ba ka kira shi farfaganda, sai wanda balarabe ya biya.

Abin da ya fi ci min rai ma ya wuce kai da ni. Grazianin nan bayan Libiya Habasha ya wuce, aka yi wa mutane ruwan iska mai guba, a Fabrairun 1937 da aka jefa masa gurneti a Adis Ababa aka kwana uku ana yanka mutanen gari, bayan wata uku aka bi sufayen Kirista na gidan ibadar Debre Libanos aka harbe, kuma har ya mutu a 1955 ba kotun da ta tuhume shi kan jinin baƙar fata ko na Larabawa, a 2012 ma gini aka yi don tunawa da shi a garin Affile na Italiya da kuɗin gwamnati. Waɗanda suka taya korar Italiya daga can kuwa har da kakanninmu, birged ta 23 ta sojojin Najeriya ita ta shiga Mogadishu a Fabrairun 1941 ta nausa har Harar ta Habasha, kuma Hausa ce harshen barikin. Kakana na wajen uwa yana cikinsu, ya rasu da lambobinsa a cikin tsohon gwangwanin madara, kowa yana ce masa ɗan Boma alhali shi Habasha ya fara zuwa, ba wanda ya taɓa zama ya ɗauki muryarsa, ni ma ina yaro ban san darajar abin ba. Ku da kuke da digirorin da kujerun kwamitoci, ina littafi ɗaya da Hausa a kan mutanen nan da mai shirya fim zai ɗauka ya yi aiki da shi? Masu kuɗinmu za su kashe miliyoyi a kamu da dina amma ka ce su ɗauki nauyin fim ɗin tarihi sai a ce ana mitin. Aƙalla shi Gaddafi, da duk abin da ya yi, ya biya an yi na gwarzon ƙasarsu.

Asabar mai zuwa bayan la'asar za mu sake nunawa, a inda ka sani. Na sa a ajiye maka kujera mai hannu kusa da fanka. Ka taho da biro da takarda, duk inda ka ga ƙarya ka ɗaga hannu in tsayar, ka faɗa wa yaran shekarar da wurin da abin da ya faru na gaskiya. In kuma uzuri ya taso maka kamar wancan karon, ka turo ɗaya daga cikin ɗaliban da jerin, zan karanta shi da sunanka.

Na gode, a gaida iyali.