Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Majalisar Dokokin Jiha Kan Gas Ɗin Da Ke Cin Lemar Ozon

Mai Girma Shugaban Majalisa,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da sauran 'yan majalisa, na rubuto ne domin in roƙi majalisarka ta yi doka a kan wani abu da ake yi a bainar jama'a kullum ba tare da kowa ya ɗauke shi laifi ba, wato sakin gas ɗin firij da na na'urar sanyaya ɗaki da ta mota cikin iska. Na san wasu daga cikin abokan aikinka za su ce maganar ozon tsohuwar magana ce da manyan ƙasashe suka kashe tun da daɗewa, kuma ba hurumin majalisar jiha ba ne. Ina ganin akasin haka, domin ɓangaren da ya rage na wannan aiki yana hannun irinku ne.

A shekarar 1974 ne masana biyu, Mario Molina da Sherwood Rowland, suka bayyana cewa sinadaran CFC, waɗanda ake ɗurawa a firij da gwangwanayen feshi, ba sa ruɓewa a nan ƙasa. Sukan tashi a hankali har su kai sararin da lemar ozon take, tsakanin kilomita 15 zuwa 35 daga doron ƙasa, inda hasken rana ke fasa su ya saki sinadarin kulorin, kuma ƙwaya ɗaya ta kulorin tana iya lalata dubban ƙwayoyin ozon kafin ta bar wurin. Wannan lema ita ce ke tace mana hasken rana mai cutarwa, wanda ke jawo sankarar fata da yanar ido, ya rage amfanin gona, ya kuma kashe ƙananan halittun teku da kifi ke rayuwa a kansu. A 1985 masu binciken Birtaniya da ke tashar bincike ta Halley a Antatika, can ƙarshen kudancin duniya, suka sanar da cewa lemar ta yi mummunan sirancewa a saman Antatika, sai duniya ta farga, aka rattaba hannu kan Yarjejeniyar Montreal a ranar 16 ga Satumba, 1987.

Yarjejeniyar ta yi aiki, babu ja a kan wannan. Ƙasashe masu arziki sun daina kera CFC a 1996, masu tasowa a 2010, kuma an ba masu tasowa wa'adin 2030 su rabu da HCFC, sinadaran da suka maye gurbin CFC amma su ma suna cin ozon, dangin da gas ɗin R-22 na na'urar sanyaya ɗaki ya fito daga cikinsa. Rahoton da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a farkon 2023 ya yi hasashen cewa lemar za ta koma yadda take a 1980 wajen shekarar 2040 a yawancin sassan duniya, amma a saman Antatika sai wajen 2066.

To amma, ranka ya daɗe, abin da yarjejeniyar ta ɗaure shi ne kerawa da shigowa da fitarwa. Ta rufe ƙofar masana'anta, ta sa ido a kan iyaka, sai dai ba ta bi gas ɗin da aka riga aka ɗura a na'urorin da ke gidaje da ofisoshi da asibitoci da ɗakunan ajiyar sanyi ba. Wannan gas yana nan yana jiran ranar da za a sake shi, kuma R-12, nau'in CFC na tsofaffin firij, yana iya ɗaukar kimanin shekara 100 a sararin sama kafin ya ƙare. Wanda aka saki yau, jikokinmu za su tarar da shi yana aikinsa.

Na taɓa tsayawa a kan mai gyara yana duba na'urar sanyaya ɗakina. Da ya gano inda take yoyo, sai ya sassauta bakin bututun, ya ja da baya, muka tsaya muna jin gas yana fita da ƙara, farin sanyi ya lulluɓe bakin bututun, har ƙarar ta mutu. Sannan ya yi walda, ya ɗura sabo. Ba mugunta ba ce, haka maigidansa ya koya masa, kuma ba shi da injin zuƙe gas ko tukunyar da zai adana shi. Haka ma mai sayen tsofaffin ƙarafa yake yi idan firij ya zo hannunsa: jan ƙarfe da kwamfiresa yake nema, don haka ya sa zarto a bututu, abin da ke ciki ya tafi. Ko soson da ke jikin tsohon firij yana riƙe da CFC-11, wanda ke fita idan aka farfasa shi ko aka cinna masa wuta. Babu jami'in kwastan ko wakilin taron ƙasa da ƙasa da zai iya isa wurin mutanen nan biyu, amma hukumar muhalli ta jiha da hukumar kwashe shara suna iya isa.

Ba sabon abu ba ne jiha ta riga gwamnatin tsakiya a wannan fage. A Amurka, jihar Oregon ta yi dokar hana sayar da gwangwanayen feshi masu CFC a 1975, shekara 3 kafin gwamnatin tarayyarsu ta yi nata haramcin a 1978. Jihar Vermont kuma ta yi doka a 1989 a kan motoci masu sanyaya da CFC, sannan daga baya, a watan Yulin 1992, haramcin sakin gas da gangan lokacin gyara ya fara aiki a duk faɗin ƙasar.

Abin da nake roƙo shi ne ƙudurin da zai haramta sakin gas ɗin sanyaya da gangan, a wajen gyara ne ko a wajen rusa tsohuwar na'ura, ya kuma wajabta a zuƙe shi a adana kafin a taɓa bututu. Sai dai ina jan hankalinka da babbar murya cewa idan aka fara da tara da kame, dokar za ta zama hanyar tatsar masu ƙaramin ƙarfi, kuma za a ci gaba da sakin gas ɗin a ɓoye. A fara da horarwa da ba da takardar shaida, a samar da cibiyoyin da ƙungiyoyin masu gyara za su riƙa aron injin zuƙa su kuma kai gas ɗin da suka tara, a ba da wa'adi, sannan hukunci ya biyo baya. Horarwar tana da wani amfanin na daban, domin sabon gas kamar R-600a da ke cikin firij na zamani yana kama wuta, kuma mai gyaran da bai san bambancinsa da tsohon ba yana wasa da ransa ne. Manyan gine-gine da kamfanonin da ke da na'urori masu ɗaukar gas mai yawa kuwa a tilasta musu duba yoyo da ajiye lissafi, kuma gwamnati ta fara da kanta, ta daina sayen na'ura mai R-22 a ma'aikatunta.

Zai kyautu dokar ta haɗa da HFC, gas ɗin sanyaya da ya maye gurbin CFC da HCFC. Shi ba ya cin ozon, amma yana ɗumama duniya ƙwarai, dalilin da ya sa aka shigar da shi yarjejeniyar a taron Kigali na 2016, kuma inji ɗaya ne zai zuƙe su duka.

Kada a manta da sa ido. A 2018 masu bincike suka lura cewa CFC-11 ba ya raguwa a iska yadda ya kamata, daga baya aka gano cewa wani kaso mai yawa yana fitowa daga gabashin Sin, shekaru bayan an haramta kera shi, kuma sai da hukumomi suka matsa kafin ya sake sauka. Saboda haka a rubuta ƙarara a cikin dokar wace hukuma ce za ta aiwatar da ita, daga ina kuɗinta zai fito, kuma ta riƙa kawo wa majalisa rahoto kowace shekara.

Ina roƙon ka miƙa wannan batu ga kwamitin muhalli a wannan zangon, kuma idan an zo zaman sauraron ra'ayin jama'a, a gayyato masu gyaran firij da kanikawan mota da masu sayen tsofaffin ƙarafa, a ba su dama su yi magana kafin a rubuta sashen hukunci.

Allah ya yi maka jagora.

Naka mai biyayya,
Wani ɗan jiha