Zuwa ga 'yar'uwar da ta tambaye ni ko littafi yana tona halin mai karanta shi

Assalamu alaikum, Malama.

Kin miƙe a gaban jama'a kin tambaye ni ko abin da mutum ya zaɓa ya karanta yana nuna halinsa. Kika ce ƙanenki ba ya rabuwa da littattafan kisan kai da farautar masu laifi, abin har yana hana ki barci. Ga amsata a natse.

Na san inda tsoronki ya samo asali. Ana cewa abokin ɓarawo ɓarawo ne, littafi kuwa aboki ne da ake kwana a tashi da shi. Duk da haka ban yarda sunan da ke bangon littafi ya isa shaida a kan mutum ba. Wani jarrabawa ce ta tilasta masa, wani jinya yake yi dare ya yi masa tsawo, wani kuma abin da ya samu aro ke nan. Masu son labarin kisa ma, da yawansu burinsu su ga an kama azzalumi a shafin ƙarshe.

Da a ce jerin littattafai yana wanke mutum, da Stalin ya wanku. Shugaban Tarayyar Sobiyat ɗin nan, wanda ya mutu a 1953, ya tara littattafai sama da 20,000, na tarihi da adabi da falsafa, kuma ba ado ya yi da su ba. Yana karantawa da fensir mai launi a hannu, yana ja wa jimloli layi, yana rubuta ba'a da zagi a gefen shafi idan marubuci ya saɓa masa. Karatun bai hana shi aika marubuta kurkuku da kabari ba.

Ki ajiye shi gefe ki dubi Imam Ghazali, wanda ya rasu a 1111. Yana koyarwa a Bagadaza ya ware kusan shekara 2 yana nazarin littattafan masana falsafa, mutanen da bai yarda da su ba a manyan mas'aloli. Wanda ya leƙa ɗakinsa a lokacin zai iya cewa ya bi su. Shi kuwa yana ganin ba adalci ba ne ka yi wa mutum raddi kafin ka fahimci maganarsa, don haka sai da ya bayyana ra'ayinsu dalla-dalla sannan ya mayar musu da martani.

A nan nake ganin hali, Malama: yadda mutum yake yi da littafin da ya saɓa masa. Yana haƙuri ya kai ƙarshe, ko yana jifa da shi tun a shafi na goma? Idan ya ba ki labarin abin da ya karanta, yana faɗin hujjar marubucin yadda take, ko yana murɗe ta don ta yi sauƙin rushewa?

Masu bincike ma ba su gama magana ba. A 2013 mujallar Science ta buga wani nazari da ya ce karanta ƙagaggen labari mai zurfi yana ƙara wa mutum fahimtar zukatan wasu, amma da wasu suka maimaita gwajin a 2016 ba su samu wannan sakamako ba.

Akwai abin da zai tayar mini da hankali, ba zan ɓoye miki ba. Idan duk abin da yaro yake karantawa na cusa ƙiyayyar wasu mutane ne, kuma ya toshe kunne daga duk wani rubutu da ya ce ba haka ba ne, to a zauna da shi tun da wuri.

Game da ƙanenki, ki nemi aron wanda ya fi so, wanda bangonsa ya yage, kusurwoyin shafukansa suka lanƙwashe don yawan buɗewa. Ki karanta shi har ƙarshe, sannan ki tambaye shi wa ya fi ba shi tausayi a labarin, kuma don me. Kada ki katse shi idan ya fara magana.

Ɗan'uwanki a karatu.